Sabis daga saman gajimare: jiragen balan-balan da ke son zama a kilomita 20

A tsakiyar watan Agustan 2024, da sanyin safiya, aka buɗe wata katafariyar rumfar jirage a garin Roswell na jihar New Mexico a Amurka, aka fito da wani jirgi mai launin azurfa, tsawonsa kimanin mita 65. Ba shi da fukafukai, ba shi da matuƙi, ba shi da tankin mai. Cikinsa iskar hiliyam ce, a gadon bayansa kuma an shimfiɗa farantan sola. Aka sake shi hancinsa na kallon sama, ya yi ta hawa har ya wuce kilomita 18. A can ya wuni, rana ta faɗi, ya kwana da wutar da ya tara a batir, gari ya waye yana nan a saman yankin da aka ajiye shi, sannan aka sauko da shi.

Mai karatu zai iya cewa, to kwana ɗaya a sama wani abin a zo a gani ne? Ai taurarin ɗan Adam suna shekara 15 a can ba su sauko ba. Gaskiya ne. Amma wannan kwana ɗayan da jirgin kamfanin Sceye ya yi, shi ne abin da gwamnatoci da manyan kamfanoni suka kwashe sama da shekara 20 suna fama a kansa, suna zuba kuɗi, jiragensu suna faɗowa. Idan har aka kai ga mayar da kwana ɗaya ya zama wata shida ko shekara, to yadda ake kai sabis ɗin waya ƙauye zai canza, haka ma yadda ake sa ido a kan gurɓatar iska da gobarar daji da ambaliya. Samaniyar da ta fi dacewa da wannan aiki kuwa ita ce ta ƙasashen da ke kusa da ikwaita, wato irin tamu.

Filin da babu kowa

Jirgin fasinja yana tafiya ne a tsakanin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa. Taurarin Starlink suna kewayawa a wajen kilomita 550. Manyan taurarin da ke watsa talabijin, da irin su NigComSat-1R na Najeriya da aka harba a Disambar 2011, suna can nesa a kusan kilomita 36,000. Tsakanin hanyar jirage da hanyar taurari akwai wani makeken fili da kusan babu kowa a cikinsa, ƙasan wannan fili shi ne sashen sama da masana ke kira stiratosfiya.

Abin da ya sa ake kwaɗayin daidai kilomita 20 shi ne iska. A ƙasa da nan akwai guguwar da ke wuce gudun kilomita 200 a awa, akwai hadari da tsawa da gajimare. A sama da nan sosai iska takan sake ƙarfi. Amma a wannan tsakiyar, a mafi yawan watannin shekara, iska takan lafa, har abu mai ɗan ƙaramin inji ya iya tsayawa wuri ɗaya. Babu gajimaren da zai tare masa rana. Daga can idonsa yana kaiwa wajen kilomita 500 ta kowace fuska, ko da yake sabis mai kyau ba ya kaiwa ƙarshen wannan da'ira.

Ga mai waya a hannu, babban amfanin shi ne kusanci. Saƙon da ya je tauraron da ke kilomita 36,000 ya dawo yakan ɗauki kusan rubu'in daƙiƙa, shi ya sa hira ta irin wannan layi take da jinkiri. Daga kilomita 20 kuwa jinkirin bai kai a ji shi ba. Sannan wayar da ke aljihunka tana iya magana da jirgin kai tsaye, ba sai ka sayi faranti ko wata na'ura ba. A 2021 Sceye ya sanar da cewa jirginsa ya haɗu da wayar hannu ta yau da kullum daga nisan kilomita 140, kusan tazarar Kano da Zariya ke nan. Wani amfanin da ba a cika ambata ba shi ne, tauraro idan ya tafi ya tafi ke nan, in wani abu ya lalace a jikinsa sai haƙuri. Jirgin balan-balan ana sauko da shi, a gyara, a canza masa kyamara ko eriya, a sake mayar da shi.

Jiragen balan-balan ba sabon abu ba ne. Bajamushe Ferdinand von Zeppelin ya tashi nasa na farko a 1900. A Nuwambar 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani jirgin Jamus mai lamba L59 ya taso daga Bulgeriya ɗauke da kaya zuwa ga sojojinsu a Gabashin Afirka, ya keto hamada har kusa da Khartum a Sudan, aka kira shi ta rediyo ya juya. Ya yi awa 95 a sama, ya ci wajen kilomita 6,800 ba tare da ya sauka ba. Gobarar Hindenburg a Mayun 1937, wadda ta kashe mutum 36, ita ta kawo ƙarshen wancan zamani. Haidurojin ne a cikinsa, iska mai kama wuta. Na stiratosfiya na yanzu hiliyam suke sha, wadda ba ta ci da wuta, kuma ba mutane suke ɗauka ba.

Dare ne abokin gaba

Wahalar farko ita ce ƙarancin iska. A kilomita 20, kaurin iska kusan kashi 7 cikin 100 ne na wadda muke shaƙa. A ƙasa, hiliyam mai cika mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi yana ɗaga wajen kilo ɗaya. A can sama wannan adadin ba ya ɗaga giram 80. Saboda haka dole jirgin ya zama ƙato, kuma dole fatarsa ta zama marar nauyi ƙwarai. Jirgin Stratobus da kamfanin Thales Alenia Space na Faransa da Italiya yake ƙerawa an tsara shi da tsawon mita 140, amma kayan aikin da zai ɗauka kilo 250 ne kacal, nauyin buhun masara biyu da rabi. Duk sauran ƙarfin ɗagawar a jikin jirgin da batir da inji yake ƙarewa.

Fatar nan kuma ba ƙaramin azaba take sha ba. Sanyi a can yana wuce digiri 55 ƙasa da sifili, a saman ƙasashe masu zafi ma ya fi haka. Hasken rana marar tacewa yana cin leda da zare. Hiliyam kuwa ƙwayoyinsa ƙanana ne sosai, suna silalewa ta kowace 'yar kafa. Da rana iskar da ke ciki takan ɗauki zafi ta kumbura, tana neman fasa fatar. Da dare ta yi sanyi ta tsuke, jirgin ya fara nutsowa. Kullum sai an yi wannan kokawa sau biyu, da fitowar rana da faɗuwarta.

Sai batun wuta. Tsayawa wuri ɗaya ba hutu ba ne, dole farfela ta yi ta juyawa tana ture iska. Na'urorin sadarwa su ma wuta suke ci. Da rana sola ta wadatar, amma awa 12 na dare sai daga batir. In ka ƙara batir ka ƙara nauyi, in ka ƙara nauyi sai ka ƙara girman jirgi, in jirgi ya ƙara girma iska ta ƙara samun inda za ta tura, sai ka sake bukatar wani batir. A wannan zagaye shirye-shirye da yawa suka mutu. Japan ta fara nata a 1998, ta gwada ƙananan samfura, ta ajiye a 2005. A ranar 27 ga Yulin 2011 kamfanin Lockheed Martin ya saki jirginsa mai suna HALE-D daga garin Akron, da niyyar ya kai kilomita 18. Bai kai 10 ba matsalar sakin hiliyam ta taso, ya ƙare a kan bishiyoyi a dajin Pennsylvania. Facebook ya gwada ta wata hanyar, jirgi mai fukafukai da sola mai suna Aquila, ya tashe shi a 2016, ya haƙura a 2018.

Abin da ya canza a 'yan shekarun nan ba wata dabara ce guda ba. Batura sun ƙara riƙe wuta ba tare da sun ƙara nauyi ba, farantan sola sun zama sirara har ana naɗe su, an kuma samu sababbin yadudduka masu ƙwari. A nan ne labarin Sceye yake da ban sha'awa. Wanda ya kafa shi a 2014, Mikkel Vestergaard Frandsen, ɗan ƙasar Denmak, ba daga harkar jirage ya fito ba, daga harkar yadi ya fito. Kamfanin gidansu ne ya yi gidan sauron PermaNet da aka raba miliyoyinsa a Najeriya da Nijar, da matatar ruwa ta LifeStraw wadda ta samo asali daga yaƙi da kurkunu. Mutumin da ya san zare da saƙa shi ya zo ya tunkari matsalar da ta kayar da maƙera jiragen yaƙi, domin rabin matsalar dama ta fata ce.

Ido da ba ya ƙiftawa

Ko da yake maganar intanet ce ta fi jan hankali, ni a ganina aikin sa ido a kan muhalli shi ne inda waɗannan jirage suka fi cancanta, kuma watakila shi zai fara biyan kuɗinsu.

Dalili shi ne yadda tauraron ɗan Adam yake gani. Wanda ke kusa da ƙasa yana ganin abu dalla-dalla, amma wucewa yake yi da gudu, sai bayan awanni ko kwanaki ya sake zagayowa. Wanda ke tsaye wuri ɗaya a can nesa kullum yana kallo, amma nisan ya hana shi ganin ƙananan abubuwa. Jirgin da ke kilomita 20 ya haɗa biyun: yana kusa, kuma yana tsaye.

Ɗauki iskar metan, wadda ke tsiyaya daga rijiyoyin mai da bututan gas. Ba ta da launi, ido ba ya ganinta, amma a cikin shekara 20 tana ɗumama duniya fiye da sau 80 a kan hayaƙin kabon mai nauyi ɗaya da ita. Bututu yana iya yoyo na awa shida ya daina, tauraro ya zo ya wuce bai ga komai ba. New Mexico ita ce jiha ta biyu a haƙar mai a Amurka bayan Texas, kuma yankin Permian da suka haɗa yana cikin wuraren da metan ya fi tsiyaya. Shi ya sa gwamnatin jihar da hukumar kare muhalli ta Amurka suka ƙulla yarjejeniya da Sceye don auna iskar yankin daga sama. A 2024 hukumar NASA da hukumar binciken ƙasa ta Amurka su ma suka shiga aiki da kamfanin. Manufar ita ce a daina cewa "akwai yoyo a wannan yanki", a koma cewa "ga rijiyar, ga lokacin da ta fara, ga yawan abin da ta zubar". Da irin wannan shaida ake cin tarar kamfani.

Wanda ya san yadda ake ƙona gas dare da rana a Neja Delta ba sai an yi masa dogon bayani ba. Hukumar NOSDRA mai sa ido kan malalar mai a Najeriya tana bin diddigin wutar ne da hotunan taurari, kuma wannan ci gaba ne, amma gas ɗin da ya tsere ba tare da an ƙona shi ba ya fi wuyar kamawa. Haka gobarar daji, wadda minti 30 na farko ke raba tsakanin a kashe ta da ta cinye gari. Haka ruwa idan ya taso.

Batun ruwa ya kai mu ga amfani na uku, wato ranar masifa. Ambaliya ko girgizar ƙasa ba ta barin ƙarfen sabis: ko ta kayar da shi, ko ta cinye janaretansa, ko ta yanke hanyar kai masa dizal. A daidai lokacin da mutum ya fi bukatar ya kira ɗan'uwansa ya ji ko yana raye, a lokacin waya ke mutuwa. Mutanen Maiduguri da suka ga fashewar madatsar Alau a Satumbar 2024 sun san darajar kira ɗaya a irin wannan dare. Kamfanin SoftBank na Japan, ƙasar da girgizar ƙasa ba ta ɗaga mata ƙafa, ya zuba jari a Sceye a 2025 da wannan lissafi, ya kuma ce yana son fara gwajin sabis a samaniyar Japan a 2026.

Abin da ya faru a Kenya

Duk mai son ya yi zumuɗi, ya fara tsayawa ya karanta labarin Loon.

Loon shiri ne na kamfanin Google, an bayyana shi a 2013 a New Zealand. Nasu ba jirage ba ne masu tsayawa wuri ɗaya, balan-balan ne zalla, suna hawa suna sauka don su kama iskar da za ta kai su inda ake so. Kuma sun yi aiki. Bayan guguwar Maria ta ragargaza tsibirin Puerto Rico a 2017, sun kai sabis ga mutum sama da 100,000. Da girgizar ƙasa ta afka wa Peru a 2019, cikin awa 48 suka fara aiki, saboda dama suna can suna gwaji. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗaya daga cikin balan-balan ɗinsu ya yi kwana 312 a sama. A Yulin 2020 suka buɗe sabis na kasuwanci a Kenya tare da kamfanin Telkom Kenya, da balan-balan wajen 35 a saman fili mai faɗin murabba'in kilomita 50,000.

Wata shida bayan haka, a Janairun 2021, aka sanar da rufe kamfanin. Ba faɗowa balan-balan suka yi ba. Shugaban Loon, Alastair Westgarth, ya faɗi dalilin a fili, cewa sun kasa rage tsadar aikin zuwa inda zai riƙe kansa a matsayin kasuwanci. Makiyayin da aka kai wa sabis ɗin 4G, sau da yawa ƙaramar waya ce a hannunsa, wadda ba ta san 4G ba. Wanda ke da babbar waya kuma kuɗin data ya gagare shi. Alƙaluman ƙungiyar kamfanonin waya ta duniya, GSMA, sun daɗe suna nuna haka: a Afirka kudu da Sahara, kusan kashi 60 cikin 100 na jama'a suna zaune a inda sabis ɗin intanet yake kaiwa amma ba sa amfani da shi. Waɗanda sabis bai kai musu ba sam sun fi waɗannan ƙaranci nesa ba kusa ba. Jirgin da ke sama yana maganin rashin ƙarfen sabis. Ba ya maganin tsadar waya, ko rashin wutar caji, ko rashin karatu, ko rashin abin karantawa da harshen mutum.

Wannan ba ya nufin a yi watsi da shi. Akwai wuraren da kafa ƙarfe ba zai taɓa biyan kansa ba, ko kuma ba zai yiwu ba: rugage a Azawak, tsibiran Tafkin Chadi, ƙauyukan da injiniya ba ya iya shiga saboda 'yan bindiga, inda ake sace batir da dizal. Abin da ke kilomita 20 ɓarawo ba ya kai masa. Sai dai gasa ta yi zafi. Starlink ya shigo Najeriya a Janairun 2023, ya isa Nijar a 2025, ya kuma fara kai saƙo ga wayar hannu kai tsaye daga tauraro a wasu ƙasashe. Jiragen balan-balan za su rayu ne kawai idan suka fi shi araha a kan kowane mutum, ko suka yi abin da ba zai iya ba. Hiliyam ma ba kyauta ba ne. Daga rijiyoyin gas ake tace shi, a ƙasashe ƙalilan irin su Amurka da Katar da Aljeriya da Rasha, kuma farashinsa yakan yi tsalle.

Duk da faɗuwar Loon, kamfanoni ba su bar Afirka ba, ƙaruwa ma suka yi. A Satumbar 2023 SoftBank da gwamnatin Ruwanda suka gwada sabis ɗin 5G daga stiratosfiya, har aka yi kiran bidiyo zuwa Japan. Kamfanin AALTO, reshen Airbus, ya gina filin tashi a gundumar Laikipia ta Kenya, kuma daga nan jirginsa mai fukafukai, Zephyr, ya tashi a 2025 ya yi kwana 67 a sama. Ba son Afirka ne ya kawo su ba, lissafi ne. Kusa da ikwaita dare da rana kusan tsawonsu ɗaya duk shekara, babu dogon daren hunturu irin na Turai da ke ƙarar da batir. Abin da ke wahalar da su a can, a nan sauƙi ne. Wannan rana tamu jari ce, kuma ya kamata a zauna teburin ciniki da sanin haka.

Wa ke riƙe da makunni?

Kyamarar da ke iya gane rijiyar da ke yoyo tana iya gane motar da ta fita daga gida. Ba a ɓoye wannan ba: shirin EuroHAPS, wanda Stratobus ke ciki, asusun tsaro na Tarayyar Turai ne ke ɗaukar nauyinsa. Duniya kuma ta ga yadda balan-balan ɗin ƙasar Sin ya ratsa samaniyar Amurka, har jirgin yaƙi ya harbo shi a ranar 4 ga Fabrairun 2023. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta ba kowace ƙasa cikakken iko da samaniyarta, amma har yau ƙasashe ba su yi ittifaƙi a kan inda samaniyar ƙasa ta ƙare ba. Galibin dokokin zirga-zirgar jirage an rubuta su ne ba a yi tunanin wani abu zai zo ya zauna a kilomita 20 na tsawon watanni ba.

Ga mutanen da ke kwana da fargabar 'yan bindiga, ido a saman dajin Rugu ko Sambisa abin so ne, ni ma ina son sa. Amma mun ga ɗaya fuskar. A Satumbar 2021 aka rufe sabis a Zamfara baki ɗaya, aka bi da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ɗan kasuwa da mai jinya da ɗalibi duk suka shiga duhu tare da waɗanda ake nema. Wancan sai da aka bi ƙarafa da yawa aka kashe. Idan jirgi ɗaya ne ke ba jiha guda sabis, makunni ɗaya ne, kuma mai yiwuwa yana hannun wani kamfani a wata nahiya. Hotunan gonakinmu da rijiyoyinmu da hanyoyinmu kuma, a kwamfutar wa za su sauka?

Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta riga ta yi nata. A taronta na Sharm el-Sheikh a 2019 ta ware wa irin waɗannan tashoshi zangon sadarwa, a na Dubai a 2023 kuma ta amince su yi aiki a zangon da wayoyin hannu ke amfani da shi. Saura na gida. Hukumar sadarwa ta NCC da ta sufurin jiragen sama da ta sararin samaniya NASRDA a Najeriya, da hukumar sadarwa ta ARCEP a Nijar, su rubuta sharuɗɗansu tun kafin wani ya ƙwanƙwasa ƙofa: bayanan da aka ɗauka a samaniyarmu su zauna a hannunmu, injiniyoyinmu da ɗaliban jami'o'inmu su shiga aikin tun daga rumfar jirgi, kuma kamfanin da ya gama gwajinsa kada ya naɗe kayansa cikin wata shida ya bar mutane da waya a hannu babu sabis, kamar yadda aka yi wa Kenya.